Zagi a Kasuwa: Mamane, daga Dandamalin Barkwanci zuwa Allon Sinima

Hausawa na cewa wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Idan aka nemi karin magana guda da zai ɗauki nauyin aikin Mohamed Mustapha Moctari, ɗan Nijar ɗin da aka fi sani da Mamane, da wuya a samu wanda ya fi wannan dacewa. Mutumin ya ƙago ƙasar da babu ita a taswira, ya raɗa mata suna Gondwana, ya naɗa mata shugaba marar suna, sannan ya yi shekara da shekaru yana ba da labarinta a gidan rediyon Faransa na RFI, har ta kai mai sauraro a Yamai da na Yawunde da na Kinshasa kowannensu yana iya rantsewa cewa da ƙasarsa ake. A shekarar 2017 ya ɗauko wannan ƙasa daga rediyo ya ɗora ta a allon sinima, cikin fim mai suna Bienvenue au Gondwana, wato barka da zuwa Gondwana. Abin da wannan nazari zai duba shi ne ribar da habaici ya ci da hasarar da ya yi a wannan ƙaura daga kunne zuwa ido, domin amsar ta shafi duk wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da ke neman faɗa wa masu iko gaskiya ba tare da an toshe mata baki ba.

Ɗan Agadas a ƙasashen mutane

An haifi Mamane a Agadas a 1966. Mahaifinsa ma'aikacin diflomasiyya ne, saboda haka yaron ya tashi yana bin iyali daga wannan ƙasa zuwa waccan, musamman Kamaru da Kodibuwa. Wanda ya girma haka yakan samu kunnen da ɗan gida ɗaya ba ya samu. Yana jin yadda Faransanci ke sauya ɗanɗano daga bakin mutumin Duwala zuwa bakin mutumin Abijan, yana kuma ganin cewa al'adar fada kusan iri ɗaya ce a ko'ina, daga jiniyar ayarin shugaba har zuwa hotonsa da ke rataye a kowane ofis. Waɗannan abubuwa biyu, wato harshe da fada, su ne daga baya suka zama jarin sana'arsa.

Karatunsa ba shi da wata alaƙa da wasa. Kimiyyar tsirrai ya karanta, fannin da ke binciken yadda shuka ke sha da numfashi da girma, kuma neman zurfafa wannan ilimi ne ya kai shi birnin Montpellier na kudancin Faransa a farkon shekarun 1990. A can al'amura suka juya masa baya, ya sami kansa cikin sahun baƙin da ba su da takardar izinin zama, waɗanda ganin hular ɗan sanda a tashar jirgi kan sa gabansu ya faɗi. Daga wannan rayuwa ya ɗebo kayan wasanninsa na farko. Baƙo marar takarda yana kallon ƙasar da yake ciki daga ƙasan tsani, kuma daga nan ne ake ganin abin da masu gida suka saba da shi har suka daina gani.

Irin wasan da ya shiga shi ne barkwancin tsaye, inda mutum ɗaya ke hawa dandamali da makirufo, ba kayan ado, ba abokin wasa, ya yi ta magana da jama'a kai tsaye. A wannan sana'a hukunci ba ya jiran gobe, domin ko dai a yi dariya nan take ko kuma zauren ya yi tsit. A 2006 Mamane yana cikin rukunin farko na Jamel Comedy Club, shirin da Jamel Debbouze ya kafa domin fito da matasan masu barkwanci, akasarinsu ƴaƴan baƙi. A daidai wannan lokaci Laurent Ruquier ya jawo shi cikin shirye-shiryensa na rediyo da talabijin, sunansa ya shiga gidajen Faransawa.

Mai murɗa kalmomi

Sunan ɗaya daga cikin wasanninsa na dandamali, Mamane malmène les mots, ya bayyana inda ƙarfinsa yake. Ma'anarsa ita ce Mamane yana gana wa kalmomi azaba. Yawancin abokan tafiyarsa na Jamel Comedy Club sun dogara ne da motsin jiki da kwaikwayon muryar iyayensu da labarin unguwa. Shi kuwa da sanyin murya yake zuwa, kamar malamin makaranta da ke bayani a gaban allo, ya ɗauki kalma guda ta Faransanci ya juya ta, ya fasa ta, ya nuna ƙaryar da ke kwance a cikinta. Kalmomin hukuma ya fi so, irin su taimakon raya ƙasa, da haɗin gwiwa, da kyakkyawan shugabanci, kalmomin da aka yi ta nanatawa a tarurruka har suka zama kwanon da ba tuwo.

Mai karatun da ya taɓa sauraron ƴan kama ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ɗan kama yana aron muryar malami da tsarin karatunsa, sai ya cika su da zancen tuwo da miya, dariyar kuma tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman salon da ƙanƙantar abin da ake faɗa. Mamane yana aron muryar mai karanta sanarwar gwamnati da ta masanin da ke sharhi a rediyo, ya faɗi abin da hankali ba zai ɗauka ba da fuskar da ba ta motsi. Ba ya ɗaga murya, ba ya nuna fushi. Gatse ne makaminsa, wato ya yabi abu har yabon ya wuce iyaka ya koma tonon asiri.

Wannan salo na kunne ne. Yana buƙatar mai sauraro ya tsaya ya auna kalma, ya gano abin da aka ɓoye a bayanta. Shi ya sa rediyo ta karɓe shi fiye da kowane dandamali, kuma shi ya sa, kamar yadda za a gani a gaba, kyamara ta zame masa jarrabawa.

Ƙasar da babu ita, mai kama da kowace ƙasa

Mamane ya fara shirinsa na ƴan mintoci a RFI a 2009. Sunan Gondwana daga ilimin ƙasa ya aro shi. Haka masana ke kiran wata tsohuwar babbar nahiya da ta haɗa Afirka da Kudancin Amurka da Indiya da Ostireliya da Antatika, kafin ta fara tsagewa kimanin shekaru miliyan 180 da suka wuce. Zaɓin sunan ya nuna tsohon ɗalibin kimiyya, ya kuma nuna wayo, domin babu jakadan da zai kai ƙara cewa an ci mutuncin ƙasarsa. Cikakken sunan ƙasar shi ne Jamhuriyar Gondwana mai dimokuraɗiyya ƙwarai da gaske, kuma nanata ƙwarai ɗin nan shi kaɗai ya isa sharhi, tun da mai gaskiya ba ya yawan rantsuwa. Shugabanta kuwa ba a kiransa da komai sai Président-Fondateur, wato Shugaba Mai Kafa Ƙasa, wanda tarihi ya fara daga ranar da ya hau kujera.

Ga mutanen Nijar, shekarar da shirin ya fara ba ta buƙatar tunatarwa. A 2009 ne shugaba Mamadou Tandja, da wa'adinsa na biyu ya kusa ƙarewa, ya rusa majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ta 4 ga Agusta, aka ba da sanarwar cewa fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince ya ƙara shekaru uku. Kalmar Hausa ta tazarce ta shiga jaridun duniya, kuma lamarin ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Amma Nijar ba ita kaɗai ba ce. Kamaru ta cire iyakar wa'adi a 2008, Blaise Compaoré ya gwada a Burkina Faso jama'a suka kore shi a Oktoba 2014, Kongo Barazabil da Ruwanda suka sauya tsarin mulkinsu a 2015. Gondwana ba ta taɓa rasa labari ba, domin kowace shekara akwai inda ake rubuta mata shi kyauta.

Ƙarfin wannan dabara a fili yake. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, saboda haka duk shugaban da ya fusata ya tona kansa da kansa, wanda ya yi shiru kuma talakawansa sun riga sun gane. Sai dai dabarar tana da ƙofar baya. Laifi tudu ne, kowa na taka nasa ya hango na wani. Babu abin da zai hana minista ya saurari shirin a cikin motarsa ya ƙyalƙyale da dariya, yana tunanin da maƙwabciyar ƙasa ake. Zambon da bai ambaci suna ba yana kare mai yin sa, yana kuma iya kare wanda ake yi wa.

Abin da fim ɗin ya cimma

Bienvenue au Gondwana ya fito a gidajen sinima na Faransa a watan Afrilu na 2017, bayan an ɗauke shi a Kodibuwa. Labarinsa a taƙaice shi ne: Shugaba Mai Kafa Ƙasa ya shirya zaɓen da ya ƙudura ba zai faɗi ba, sai ƙasashen duniya suka turo tawagar masu sa ido. Cikin tawagar akwai wani matashin Bafaranshe mai kyakkyawar niyya da ƙarancin sanin duniya, wanda Antoine Gouy ya fito a matsayinsa, da wani ɗan majalisar Faransa, wanda Antoine Duléry ya taka, da babban burinsa shi ne ya samo wa manoman mazaɓarsa kasuwar wani kayan lambu na Turai mai suna asperge a Afirka. Gwamnati ta haɗa baƙin da ƴan barandanta biyu masu son sharhin siyasar duniya, wato Michel Gohou da Digbeu Cravate, yayin da Prudence Maïdou ta fito a matsayin matashiyar da ke cikin masu fafutukar kawar da mulkin.

Babbar nasarar fim ɗin ita ce inda ya kafa kyamararsa. An daɗe ana zambon shugaban Afirka mai kama-karya. Henri Lopes ya yi a littafinsa Le Pleurer-rire na 1982, Ahmadou Kourouma ya yi a En attendant le vote des bêtes sauvages na 1998. Abin da ba a cika taɓawa ba shi ne mai sa idon zaɓe, baƙon da ke sauka ƴan kwanaki kafin ƙuri'a, ya kwana a babban otal, a zaga da shi rumfunan da aka share domin zuwansa, ya rubuta rahoton da aka san ƙarshensa tun kafin ya taso. Mamane ya nuna maguɗin zaɓe a matsayin wasan kwaikwayo mai ɓangare biyu, mai shirya shi a gida da mai tafa masa daga waje. Ɗan majalisar nan mai tallan kayan lambu hoto ne mai kaifi na dangantakar da ake kira abota alhali ciniki ne, kuma zaɓen abin da ba wanda ya roƙa, ba wanda ke miya da shi, ya ƙara wa hoton gishiri. Ba a yi wata biyar da fitowar fim ɗin ba sai ga kotun ƙolin Kenya, a ranar 1 ga Satumba 2017, ta soke zaɓen shugaban ƙasa da manyan tawagogin sa ido na duniya suka riga suka yaba da yadda aka gudanar da shi.

Nasara ta biyu ita ce hana shugaban fuska. Da an ɗauko ɗan wasa an sa masa babbar riga ko kaki, da ƴan kallo sun fara lissafin wa ya yi kama da shi, da kuma Gondwana ta koma ƙasa ɗaya. Mamane ya bar shi a matsayin inuwar da kowa ke magana da sunanta, ya mai da hankali kan waɗanda ke ɗauke da mulkin a kafaɗarsu. An ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma ko da karin maganar ya yi wa sarakuna sassauci, ya faɗi gaskiya guda: zalunci ba ya tafiya sai da ƙafafun ƙananan mutane. A nan Gohou da Digbeu suka yi aikin da ya riƙe fim ɗin. Gohou, wanda gidaje da yawa a Nijar suka sani tun daga shirin Ma Famille, yana da jikin da ke ba da dariya kafin ya buɗe baki, kuma shi da abokinsa sun fito da bafaden da ba mugu ba ne a zuciya, neman abinci ne ya kai shi, wanda kuma ya san ƙaryar da yake yi sarai.

Inda ƙafa ta zame

Gani ya kori ji, in ji masu iya magana, amma a sha'anin Gondwana gani ya rage wa ji wani abu. A rediyo kowane mai sauraro shi ke gina ƙasar da kayan garinsa. Mutumin Tawa yana ganin rairayi da rawani, mutumin Libarbil yana ganin teku da daji. Da zarar kyamara ta buɗe ido dole ta nuna titi ɗaya da bishiya ɗaya, kuma abin da ta nuna Kodibuwa ce, da hasken gaɓar teku da Faransancin Abijan. Ɗan Sahel da ya ɗauki Gondwana tasa sai ya iske ta koma ƙasar wasu.

Matsala ta biyu ta zubi ce, kuma tsohuwar cuta ce ta masu barkwancin da suka koma fim. Wanda ya saba da minti uku yana tunani ne da ma'aunin dariya, kowane zance sai ya ƙare da naushi. Fim mai tsawo kuwa yana son labarin da ke hawa, da mutanen da abin da ya same su ke sauya su. A wurare da dama Bienvenue au Gondwana ya fi kama da carbin gajerun wasanni, kowane ƙwaya da kyanta, zaren da ya haɗa su kuma siriri. Charlie Chaplin, wanda shi ma daga dandamali ya fito, kuma shi ma ya ƙago ƙasa domin zambon mai kama-karya a fim ɗinsa na 1940, ya mai da barkwancinsa abin da ido ke gani ko an kashe sauti. Barkwancin Mamane na baki ne, saboda haka sau da yawa kyamararsa tana tsaye tana jiran a gama magana.

Matsala ta uku ita ce mafi nauyi. Ta idon wa ake shiga Gondwana? Ta idon matashin Bafaranshe. Shi ke mamaki, shi ke koyo, shi zuciyarsa ke karkata ga yarinyar nan mai fafutuka. Dalilin kasuwa a bayyane yake, domin fim ɗin na neman ƴan kallo a Faransa, kuma sunansa ma yana tuna wa Bafaranshe da Bienvenue chez les Ch'tis na Dany Boon, wani mai barkwancin da ya koma fim, wanda ya tara ƴan kallo fiye da miliyan 20 a 2008 da labarin baƙon da ya sauka inda yake tsoro ya ƙare da son wurin. Amma abin da ya dace da arewacin Faransa bai dace da ƙasar da ake satar ƙuri'a ba. A shekarun da aka rubuta fim ɗin, matasan Y'en a marre a Senegal da na Balai Citoyen a Burkina Faso sun riga sun nuna cewa su ne taurarin labarinsu. Matashiyar fim ɗin daga irinsu aka ɗauko ta, amma an ba ta gefen tabarma, baƙo ya zauna a tsakiya. Mutumin da ya fara sana'arsa da kallon Faransa ta idon baƙo marar takarda ya ƙare da nuna Afirka ta idon baƙo mai fasfo, kuma wannan juyi ya rage wa zambon dafi.

Magabata a gida

Masu sharhi a Faransa sun fi auna Mamane da takwarorinsa na Paris, amma a Nijar yana da magabata da ya kamata a jera shi da su. A 1966, shekarar da aka haife shi, Moustapha Alassane ya fitar da Bon voyage Sim, ɗan gajeren fim na zane mai motsi a kan shugaban jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki wata ƙasa, da duk faretin da tarbar da ke tattare da ita. Cikin ƴan mintoci, ba tare da dogon zance ba, Alassane ya yi wa bikin mulki dariyar da har yau ba ta tsufa ba. Ya ci gaba da wannan hanya a F.V.V.A. na 1972, inda ya yi zambon sabbin ma'aikatan da burinsu bai wuce mace da mota da gida da kuɗi ba. A wannan shekarar ce kuma Oumarou Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko da Le Wazzou polygame. Jamhuriyar kwaɗi kakar Gondwana ce, kuma kwatanta su darasi ne mai amfani ga ɗalibai: ɗaya ya yi tunani da hoto, ɗaya ya yi tunani da kalma.

Bayan sinima akwai abin da ya girme ta. A Damagaram an san wasan kara, inda samari ke shiga kamannin sarki da gwamna da manyan baƙi, su ƙera kayan mulki da karan hatsi, su yi fareti a gaban waɗanda ake kwaikwayo. Akwai tashe a watan azumi, akwai wasan taubasai da barkwancin da ke tsakanin ƙabilu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014. Akwai kuma wasannin Yazi Dogo da abokan aikinsa, waɗanda suka shiga gidaje ta rediyo da talabijin da Hausar da kowa ke ji. Dukkan waɗannan sun ginu a kan yarjejeniya guda, cewa akwai fili da lokacin da ƙarami zai faɗa wa babba magana a cikin raha, babban kuma ya haɗiye. Bambancin shi ne a wasan kara wanda ake kwaikwayo yana zaune yana kallo, kowa kuma ya san shi. Shugaban Gondwana ba ya halartar wasansa.

Harshe da mai biyan kuɗi

Aikin Mamane bai tsaya ga abin da ya rubuta ba. Ta hanyar kamfaninsa Gondwana City Productions ya kafa bikin Abidjan Capitale du Rire a 2015, sannan daga 2016 ya jagoranci shirin Le Parlement du rire a Canal+, inda ya zauna a kujerar shugaban majalisa tare da Gohou da Digbeu da Charlotte Ntamack ta Kamaru, matasan masu barkwanci daga ƙasashe da dama suna zuwa a matsayin ƴan majalisa. Wannan aiki ya mai da barkwanci sana'ar da ake sa hannu a takarda a biya mutum haƙƙinsa, ya kuma buɗe wa matasa da yawa ƙofar da da sai sun je Paris za su ƙwanƙwasa. Mai yiwuwa idan an zo lissafi wannan gini ya fi fim ɗin nauyi.

Duk da haka akwai tambayoyi biyu da nazari na gaskiya ba zai tsallake ba. Ta farko ita ce ta masauki. RFI gidan rediyon gwamnatin Faransa ne, Canal+ kuma a waɗannan shekaru yana ƙarƙashin Vivendi, inda Vincent Bolloré ke da babbar murya, mutumin da kamfaninsa ya riƙe tashoshin jiragen ruwa da dama a Afirka har zuwa 2022. Adalci ne a ce Mamane bai bar Faransa ta tsira daga bakinsa ba, ɗan majalisar nan mai kayan lambu shaida ne. Amma Hausawa sun san cewa wanda ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ko da mai barkwanci bai taɓa yin askin ba, zaman da yake a zauren wani yana sa makomar muryarsa a hannun rigimar da ba tasa ba. An ga haka a zahiri. Da aka dakatar da RFI a Mali da Burkina Faso a 2022, sannan a Nijar a Agusta 2023, duk abin da tashar ke ɗauke da shi ya ɓace daga akwatunan rediyon jama'a a lokaci guda, ba tare da an tambayi wane ne ya yi laifi ba.

Ta biyu ita ce ta harshe. Gwanintar Mamane a cikin Faransanci take, kuma wasa da kalma shi ne abin da ya fi wuyar ƙetare iyakar harshe. Manomin Tasawa da mai tallan fura a Maraɗi, waɗanda su ne ake saye ko sace ƙuri'arsu, ba su cikin zauren da ake wannan dariya. Finafinan marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sun isa ƙauyukan da Gondwana ba ta taɓa takawa ba, duk da ƙarancin kuɗin da aka kashe musu, saboda dalili ɗaya tak, wato harshe. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar ta ƙara kusantowa: wa zai rubuta zambon siyasa mai zurfin na Mamane da harshen da mafi yawan jama'a ke ji, kuma wane fili za a ba shi?

Kammalawa

Tun daga 2020 yanayin siyasar yankin ya sauya. Sojoji sun karɓi mulki a Mali da Gini da Burkina Faso da Nijar da Gabon, kalmomin da ake nanatawa a sanarwar hukuma ma sun sauya. Wani zai ce fim ɗin da ya ginu a kan zaɓe da masu sa ido ya zama tarihi. Sai dai abin da Mamane ya koyar ya wuce zaɓe. Ya koyar da yadda ake sauraron maganar mai mulki, ko wane ne shi, a auna kalmar da abin da ido ke gani. Malamin da ya nuna wa ɗalibansa Bon voyage Sim da Bienvenue au Gondwana a rana ɗaya, ya tambaye su me ya sa aka ɓoye fuskar shugaban, wa aka ba tsakiyar labarin, da wane harshe aka yi dariyar, ya koyar da karatun fim da tarbiyyar ɗan ƙasa a zama guda.

A ma'aunin sinima, Bienvenue au Gondwana fim ne na farko da ke ɗauke da alamun fim na farko, mai kaifin tunani da raunin zubi. A ma'aunin rayuwar mai shi, mataki ne cikin tafiyar mutumin da ya tashi daga rashin takarda ya gina wa masu barkwancin nahiya guda dandamali. Abin da ya rage ga ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai shi ne su ɗauki dabarar su mai da ita gida, inda ƴan kama da masu wasan kara suka riga suka share fili, su kuma riƙa tuna cewa al'ummar da ta hana a yi wa manyanta dariya ta rufe ɗaya daga cikin ƙofofin da gaskiya ke shiga fada.